Daga Keson Wuri Zuwa Anini: Kundin Aikin Ɗan Littafinmu na Agege

11 ga Janairu, 2025

Magana ta tsaya: ɗan littafi za mu yi, shafi sittin ko ƙasa da haka, da Hausar boko, wanda za a iya karanta wa jama'a da baki a ajin dare na nan Zangon Agege. Yawancin 'yan ajin 'yan goro ne, sai 'yan gwari da ke tahowa daga Mile 12, da 'yan canji biyu-uku masu zama a Broad Street. Mutane ne da kuɗi da awo ke wucewa ta hannunsu tun asuba, kuma su ne suka nemi a ba su tarihin abin.

Abin da zan yi shi ne in karanta tsofaffin rubuce-rubucen masana a kan kuɗi da ma'auni, in tsamo abin da ya shafe mu, in zuba shi yadda ɗan kasuwa zai ji. Ga waɗanda suka zo hannu: littafin Jan Hogendorn da Marion Johnson na 1986, The Shell Money of the Slave Trade, maƙalu biyu na ita Marion Johnson a kan wuri, wato ɓawon nan na ruwa da kakanninmu suka yi kuɗi da shi, na 1970, maƙalar A. G. Hopkins ta 1966 a kan sauyin kuɗi a kudu maso yammacin Najeriya. Ta Kirk-Greene ta 1960 a kan manyan kuɗaɗen da aka yi amfani da su a ƙasar nan. Labarin tafiyar Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Sai littafin Maƙrizi na Larabci da na Witold Kula a kan awo. Akasarinsu hoton shafi ne daga ɗakin karatu, wasu har rubutun ya koɗe. An rubuta su a kanmu, amma ba domin mu karanta ba, kuma ana jin haka a kowane shafi.

Sharaɗi ɗaya na kafa: duk adadin da ba ni da shafinsa, ba zai shiga ba.

26 ga Janairu

Na gama rabin farko na littafin wuri. Abin da zai fi girgiza 'yan aji shi ne cewa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi ta Kano ba daga koginmu ya fito ba, ba kuma daga tekun da ke bayan Legas ba. Daga tsibiran Maldif yake, can cikin tekun Indiya. Mutanen can kan jefa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, 'yan halittun su maƙale, a janyo su a shanya a rana har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon a ɗaure.

Ibn Baɗuɗa ya ga kan abin da gindinsa. Ya yi alƙalanci a Maldif, inda ya ce ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya, wani lokaci ma fiye. Da ya zo Mali da Gawo a 1352 zuwa 1353, sai ya tarar ana ba da 1,150 kacal a kan dinari. Wannan tazara ita ce dukkan labarin. Duk wanda zai iya ɗauko ɓawon daga can ya kawo nan, ya haye.

Da farko ta sahara yake zuwa kaɗan-kaɗan, a kan raƙumi. Daga baya Turawan Fotugal, sannan na Holan da Ingila, suka gano cewa wuri ya dace da zuba wa jirgin ruwa a ƙasa don ya yi nauyi kada iska ta kifar da shi. Sai a loda shi daga Indiya zuwa Amsterdam da Landan, a yi gwanjonsa, a sake lodawa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Lissafin marubutan biyu ya nuna a ƙarni na 18 kaɗai an shigo da fiye da biliyan 10. Me aka saya da shi? Mutane. Sunan littafin ma bai ɓoye ba.

A nan aka ɗan ja a aji. Wani ya ce a tsallake zancen bayi, ba shi aka zo ji ba. Ban yarda ba. Legas ta kasance babbar tashar fitar da bayi a farkon ƙarni na 19, kuma cikin waɗanda aka loda zuwa Bahiya ta Birazil akwai Hausawa da dama, har sun yi tawaye can a 1807. Rundunar da Baturen mulki Glover ya kafa a nan Legas a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, da bayin da suka tsere aka fara ta. Ba za a ba da labarin zaman Hausawa a Ikko da labarin kuɗinta a cire wannan ba. Ya samu shafi huɗu.

9 ga Fabrairu

Karatu ba zai nuna wa mutum nauyin keso ba, don haka na je Jankara, wurin matan da ke sayar da kayan haɗin magani, na sayo wuri cikin leda. Yanzu kayan ado ne da na masu duba, kuma ba shi da araha. Da na baje shi a kan tabarma sai na ga iri biyu ne a gauraye, daidai yadda littafin ya siffanta. Ɗaya ƙarami, bayansa da 'yan ƙuraje, fari mai ratsin rawaya; shi ne na Maldif. Ɗayan ya ɗan fi girma, bayansa sumul mai shuɗi-shuɗi, da zobe ruwan lemo kewaye da shi. Shi ne na gabashin Afirka. Wannan zoben zai zama babban zance a babi na gaba.

Na sa shi a sikelin mai sayar da nama. Na Maldif ɗin, kowane ɗaya ya ɗan haura giram guda, wanda ya yi daidai da ƙiyasin masana na kusan 400 a laba. Ke nan keso, wato wuri 20,000, ya kai wajen kilo 23. Kayan mutum ɗaya ne a ka. Barth ya shiga Kano a Fabrairun 1851 ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan liyari ɗaya, azurfar nan ta Ostiriya mai hoton Maria Theresa, wadda ko yaushe aka buga ta shekarar 1780 ake rubuta mata. Liyari giram 28 ne. Saboda haka keso guda liyari takwas ne: kilo 23 na ɓawo a kan abin da bai kai rubu'in kilo na azurfa ba, wanda za ka ƙulle a haɓar zani. Shi dai Barth ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara a kan wuri miliyan 300. Keso 15,000 ke nan, in da za a ɗauke su a ka.

Sai ƙirga. A nan bakin teku huda wurin ake yi a zura a zare: 40 zare ɗaya, zare 50 kai ɗaya, wato 2,000, kai goma jaka ɗaya. A ƙasar Hausa ba a hudawa, a warwatse yake, sai an zauna an ƙirga. Barth ya ce biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000, kuma ya ba da labarin yadda aka taru a Tasawa aka ƙirga 500,000, ya ce aikin jarumta ne.

Na karanta wannan sashe a aji, sai wani dattijo cikin 'yan goro ya ce, "Malam, turo min nan." Ya durƙusa, ya baje wurin gabansa, ya shiga ja da hannu biyu, yatsu na tafiya bakinsa na motsi ba sauti, kowane ja biyar, in ya cika ɗari ya ware ƙwaya ɗaya gefe ta zama shaida. Kafin yaron da ke riƙe da waya ya gama saita hoto, ya tara tsibi uku. Na ce, "Baba, ina ka koya?" Ya ce bai taɓa cin kasuwa da wuri ba, an haife shi zamanin sule ne, amma haka ubansa ya koya masa ƙirga ƙwaryar goro, ɗari-ɗari. Hoton hannunsa zai hau bangon littafin, ya yarda, da sharaɗin ban da fuska.

22 ga Fabrairu

Babin da ya fi shafar Legas kai tsaye, kuma wanda na fi jin daɗin rubutawa.

Wajen 1845 wani ɗan kasuwar Hamburg ta Jamus, Adolph Hertz, ya gwada kawo wurin nan mai zobe daga Zanzibar. Can yana nan birjik, ya fi na Maldif araha nesa ba kusa ba. Aka karɓa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kamfanin O'Swald na Hamburg da na Régis na Marsai ta Faransa suka shiga safararsa, suna sauke shi a Legas da Wida, ta Jamhuriyar Benin ta yau, suna sayen manja. Ingila ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851, ta mallake ta a 1861, kuma a daidai waɗannan shekaru, tsakanin 1851 da 1869, aka zubo wa gaɓar nan wuri mai zobe fiye da tan 35,000. Abin da aka shigo da shi cikin shekara ashirin ya ɗara na ƙarni guda cur da ya gabata.

Sakamakon ba ya buƙatar masani. Kai ɗaya na 2,000 da ya kai sule huɗu zuwa biyar a tsakiyar ƙarnin, kafin ƙarnin ya ƙare ya faɗo sisi. Jaka guda ta koma sule biyar. Hopkins ya bi wannan faɗuwa daki-daki, ya nuna yadda manyan 'yan kasuwar Legas suka zame suka koma azurfar Ingila, musamman bayan dokar 1880 da ta hana wasu kuɗaɗen ƙasashen waje aiki a Legas. Wa aka bari da wurin? Mai ƙosai, mai itace, ɗan dako, wanda duk cinikinsa bai kai a ba shi azurfa ba. Maƙalar Hopkins gajeriya ce, ba ta da kwalliya, amma a ganina ta fi wasu littattafai masu kauri amfani.

Abin ya haura arewa da ƙafar fatake. C. H. Robinson, wanda ya je Kano a 1894 zuwa 1895, ya ba da labarin dokinsu da ya kasa, suka rasa yadda za su sayar da shi, domin kuɗinsa da wuri sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar, kuma ladansu zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ciko. Kuɗin da ɗaukarsa ke cinye shi ya gama aiki. Shi ya sa manyan biyan kuɗi a daular Usmaniyya suka riƙa tafiya da tufafi, da liyari, da dawaki, da bayi.

Amma faɗuwar ba ta zo daidai ko'ina ba. Yadda kake nisa da teku, haka wuri ke ƙara daraja, saboda wahalar kai shi. A Legas 4,000 ke yin sule. A arewa, tsofaffi har yau suna tuna rabin kwabo da sunan ɗari, domin wuri ɗari ne, wanda ya sa sule ya kama 2,400. Da na rubuta lambobin biyu a allo, Alhajin da ke canji a Broad Street ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe sana'armu ta girmi dala. Ka saya a Ikko, ka sayar a Kano, ka cire kuɗin jaki." Ya gane cikin numfashi ɗaya abin da na ɓata shafi uku ina bayani. Na rage shafukan zuwa ɗaya.

27 ga Maris

Azumi ya dakatar da ajin dare, tarawihi da tafsiri sun ɗauke mutane, amma ya kawo babin awo har gida, tunda kowa na shirin zakkar fidda kai. Sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum, mudun Annabi huɗu, kuma malamai sun siffanta mudun da cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici. Mudun kasuwa ya ninka shi sau da yawa, kuma shi kansa na kasuwa ba ɗaya ba ne tsakanin Kano da Zariya da Jos. A nan Legas ma wata duniya ce: gwangwanin madara, dirika wadda asalinta gwangwanin tumatirin De Rica ne, bokitin fenti na gari da shinkafa, sai kwando da buhu a Mile 12. Tun shekarun 1970 gwamnati ta mayar da ƙasar kan kilo da lita, amma ka je ka ce wa mai wake ta auna maka kilo, ka ga kallon da za ta yi maka.

Kula, mutumin Folan, ya fitar da littafinsa a 1970, kuma a kan manoman Turai ya yi shi, amma sai ka ɗauka a Dawanau ya zauna. Hujjarsa ita ce ma'auni ba lissafi ne kawai ba, iko ne. Ya nuna yadda masu ƙasa ke karɓar hatsi da ma'auni mai tozo su bayar da shafaffe, yadda ake faɗaɗa bakin kwano don tozon ya ƙaru, yadda ake rigima a kan daga wane tsayi za a zuba hatsin. Talakawan Faransa, cikin koke-koken da suka rubuta a 1789, sun riƙa neman a yi musu ma'auni ɗaya. Daga nan mita da kilo suka fito.

Na zauna rabin yini gefen wani ɗan garinmu mai sayar da wake. Dirika biyu gare shi. Ɗaya gindinta lafiyayye, ɗayar an ɗan buga gindin ya shige ciki, ba sosai ba, sai ka kifa ta ka gani. Bai ɓoye min ba. Ya ce matan da ke saye sun san da ita, shi ya sa wasu ke zuwa da tasu dirikar cikin jaka, wasu kuma su tsaya sai an yi musu tozo da gyara, a ƙarshe dai kusan wuri ɗaya ake sauka. Wato farashi ba ya motsi, ma'aunin ne ke numfashi. Na tuna masa Suratul Muɗaffifina, ya ce ya haddace ta tun yana allo. Ban saka wannan a littafin yadda za a gane shi ba.

Ina da saɓani kaɗan da masu ganin kilo ya kashe rigimar. Sikeli ma ana taɓa shi, kuma mai saye ba ya iya kifa shi ya duba gindi.

19 ga Afrilu

Larabcin Maƙrizi ya fi ƙarfina, don haka muna karanta shi da limamin unguwa bayan la'asar, shi yana fassarawa ina rubutawa. Maƙrizi mutumin Alƙahira ne, ya rasu a 1442, kuma ya taɓa riƙe muƙamin muhtasibi, mai duba kasuwa da ma'auni. Littafinsa Igasatul Umma ya rubuta shi a 808 bayan Hijira, wato 1405, ana tsakiyar yunwa da tsada a Masar. Bai tsaya kan ƙarancin ruwan Nilu ba. Dalili uku ya kawo: sayen muƙamai da cin hanci, tsadar hayar gonaki, da ambaliyar fulus, wato kuɗin tagulla da masu mulki suka riƙa bugawa ba iyaka har suka kori dinari da dirhami daga kasuwa. Ya kasa mutane kashi-kashi ya duba wanda abin ya fi cuta, ya ga masu albashi tsayayye ne, irin malamai da ɗalibai. Da muka zo nan Liman ya ajiye littafin ya ce, "To, mu ke nan."

Turawa kan jingina wa Gresham, Baturen Ingila na ƙarni na 16, ka'idar cewa mummunan kuɗi yana korar nagari. Nicole Oresme na Faransa ya rubuta a kai tun ƙarni na 14, ga kuma Maƙrizi. Zan ambaci wannan a layi biyu kawai, ba gasa muka zo yi ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne miskali, domin shi ne tsohon ma'aunin da har gobe muke aiki da shi ba mu lura ba. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a 77 bayan Hijira, nauyinsa miskali ɗaya, wato giram 4.25. Ibn Khaldun a Muƙaddima ya tabbatar da cewa dirhami goma daidai yake da miskali bakwai, miskali kuma ƙwayar sha'ir 72. Daga nan nisabin zakka na dinari 20 ya zama giram 85 na zinariya, na dirhami 200 ya zama giram 595 na azurfa. Risala ta ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, giram ɗaya da 'yan kai. Duk sanda kwamitocin zakka suka fitar da nisabi da sadaki da naira, nauyin wani tsaba da aka buga a Sham shekara 1,300 da suka wuce suke juyawa. Marion Johnson ta yi wata maƙala a 1968 a kan miskali a yammaci da arewacin Afirka, ta nuna nauyinsa kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, har ya zama a wasu wurare kuɗin lissafi ne kawai. Liman bai ji daɗin wannan ba da farko. Ya ce, "Allah ya sa ba ka rikita mana mutane ba." Muka daidaita: za a bambance miskalin shari'a da miskalin kasuwa a fili, kamar yadda aka yi wa mudu.

4 ga Mayu

Buga rubutu a kwamfuta. Yaron da ke taimaka min ya sauya wa shafuka salon harafi, duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwati-akwati. An gyara.

Na cire littattafai biyu daga jerin, na Paul Einzig da na Hingston Quiggin, duka na 1949. Sun tara bayanai da yawa, amma sun jera wuri tare da gashin tsuntsu da haƙorin kare a matsayin kuɗin mutanen da ba su waye ba. Kuɗin da ake biyan haraji da shi, ake ba da bashi, ake da farashin canji tsakanin gari da gari, ba ya cikin wannan sahu.

24 ga Mayu

Na roƙi 'yan aji su tono tsofaffin kuɗi a gida. Abin da ya fito ya cika faranti: kwabo mai huji, taro, sisi, sulalla masu hoton bishiyar kwakwar manja, da liyari ɗaya da aka yi wa kunne, na kakar wani, da shi take ado. Sai anini guda, wanda ya zagaya hannu-hannu. Ƙarami ne, da huji a tsakiya, tauraro mai tsini shida a baya, sunan Sarki Edward na Bakwai a gaba, da rubutun Larabci da ke cewa kashi ɗaya cikin goma na kwabo ne. An fara buga shi a 1907 da alminiyam, bai jure ba, aka sauya ƙarfen a 1908.

Jerin shekarun babin nan a miƙe yake. Bankin Ingila na Afirka ta Yamma, wanda ya zama First Bank, ya fara aiki a Legas a 1894, babban aikinsa shigo da azurfar Ingila. An hana shigo da wuri a 1904. Jirgin ƙasa daga Legas ya isa Kano a 1911, wanda shi ne ya cika Agege da 'yan goro. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, mazauninta Landan, tana buga wa Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya kuɗi ɗaya, kowane fam da ta fitar nan sai an ajiye fam na Ingila can. Babban Bankin Najeriya ya buɗe a 1 ga Yuli, 1959. Naira ta zo a 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya naira biyu.

Inda na tsaya na daɗe shi ne kan aninin. In kwabo wuri 200 ne, anini wuri 20 ke nan, kuma shi ne mafi ƙanƙantar abin da Bature ya buga. To mai sayen gishirin wuri biyar fa, ko daddawar wuri goma? Ba ta da tsabar da za ta miƙa. Shi ya sa wuri ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye shekaru da yawa bayan an hana shigo da shi. Abin da ya karya shi haraji ne: da aka ce sai da tsaba za a biya, dole kowa ya nemi sule, ko da zai zubar da kesonsa a kan kowane farashi. Mundayen tagulla da ake ciniki da su a kudu maso gabas, gwamnati ta karɓe su ta biya a 1948 zuwa 1949, fiye da miliyan 32. Wuri kuwa ba wanda ya fanshe shi. Wanda ya tara kesuna a rumbu, a hannunsa suka mutu.

A hanyar dawowa daga Ikeja na lura katin da nake dannawa in shiga motar BRT sunan wuri aka sa masa da Turanci. Zai samu layi ɗaya a ƙarshen babin.

15 ga Yuni

Babi biyar sun kammala, shafi 52. Bayan Babbar Sallah aji ya dawo, na karanta musu babin Zanzibar da na anini daga farko zuwa ƙarshe. Inda suka yi shiru na bari, inda suka fara duba waya na sa alama zan rage. Jerin shekarun bankuna ne ya fi shan alama.

Rigimar da ta rage ita ce ko a ƙara babi na shida a kan sauyin takardun naira: na Afrilun 1984, da na baya-bayan nan da aka sanar a Oktoban 2022, wanda ya kai ga dogayen layuka a farkon 2023, ana sayen naira da naira wurin masu POS, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. 'Yan gwari suna so ƙwarai. Tumatir ba ya jiran a samu tsabar kuɗi, kuma kowannensu na da labarin kwandunan da suka ruɓe. 'Yan canji ba sa so, sun ce zai mayar da littafin siyasa, a hana shi shiga wasu masallatai da makarantu.

Ra'ayina tsakiya ne, amma ya fi karkata ga 'yan gwari. Ba zan rubuta babin da bakina ba, domin littafin a kan abin da tsofaffin masana suka rubuta ne, kuma babu ɗayansu da ya kai 2023. Abin da zan yi shi ne shafi huɗu a ƙarshe, inda mutum uku daga aji za su faɗi abin da suka gani, ba suna, ba zagi, ni kuma in sa shekaru da ranaku a sama. An yarda da haka, ban da Alhaji, wanda ya ce zai duba in an rubuta.

Na kai samfuri Shomolu wurin masu ɗab'i. Hoton wuri iri biyu dole ya fito da launi, in ba haka ba zoben ba zai nuna ba, kuma shafin launi ɗaya tak ya ɗaga kuɗin aikin sosai. Za a yi karo-karo ranar Juma'a. Liman zai sake duba babin miskali kafin nan, ni kuma zan je Mile 12 ranar Laraba da asuba in ɗauki maganar mutum na farko kafin motocin Kano su fara sauke kaya.